Yadda ake shan maganin ƙarin jini ya shiga jiki: sai hanta ta buɗe ƙofa

Yayata wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi a Aboabo, nan Kumasi. Tun kafin kiran assalatu take kan murhu. Bayan haihuwarta ta huɗu ƙarfinta ya tafi. Tukunyar da take saukewa ita kaɗai sai an kama mata, kuma in ta ɗan yi sauri ta tari mota sai ta tsaya tana haki, zuciyarta na dakan lugude. Mma, mahaifiyarmu, ce ta fara lura cewa kullum akwai guntun farar ƙasa, wadda 'yan kasuwa ke kira ayilo, ƙulle a bakin zanenta, tana gutsira tana aiki.

A wani kantin magani aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, aka ce ta sha sau uku a rana. Wata uku tana fama da su. Ni aikin ɗakin gwaji nake yi, don haka ranar da ta zo na ɗebi jininta na zaci zan ga canji. Da ƙyar awon ya motsa daga inda yake.

Na ce, "Yaya, da me kike haɗiye maganin?"

Ta ce, "Da shayi mana, ƙanena. In ban sa madara da yawa ba zuciyata tashi take yi. Wani lokaci ma sai in bar shi kwana biyu, don yana ɗaure min ciki."

Daga wannan hirar wannan rubutu ya fito. Mata da yawa a zangonninmu suna kan hanyar da Yaya ta bi. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Ghana a 2022 ya nuna kashi 41 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Maganin yana da araha, ana samunsa ko'ina, amma haɗiye shi daban, shigarsa jini daban. Wanda ke yanke hukunci a tsakani hanta ce.

Abin da ke faruwa a fatar ƙwayar hanta

Jikin babban mutum yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda wasu ke kira ayon, kamar giram 3 zuwa 4, nauyin 'yar ƙusa ke nan. Mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya tana rayuwa wajen kwana 120, sannan saifa ta farfasa ta, ta mayar da ƙarfen a sake aiki da shi. Ta wannan hanya jiki ke samun miligiram 20 zuwa 25 kullum. Daga abinci kuwa miligiram 1 zuwa 2 kacal yake ɗauka. Dalilin wannan tsantseni shi ne jiki ba shi da hanyar zubar da ƙarfe in ya yi yawa, kuma yawansa guba ne ga hanta da zuciya. Tunda babu ƙofar fita, sai aka tsananta tsaro a ƙofar shiga.

Ƙofar tana farkon ƙaramin hanji, sunanta ferofotin. Ta nan ƙarfen da hanji ya tsotsa ke faɗawa cikin jini. Kwaɗon da ke rufe ta wani sinadari ne da hanta ke fitarwa, hefsidin, wanda aka gano tsakanin 2000 da 2001. A 2004 aka tabbatar cewa in hefsidin ya kama ferofotin, ƙwayar hanjin takan haɗiye ƙofar ta narkar da ita. Hefsidin ya yi sama, ƙofa ta rufe. Ya sauka, ƙofa ta buɗe.

To wa ke gaya wa hanta ta ƙara ko ta rage? A nan ne abin ke burge ni, kuma ina so ki gan shi da idon zuci, domin duk matakan da ke tafe a kansa suka ginu.

Hanta tarin ƙananan ƙwayoyi ce da ido ba ya gani, kowace lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo mai ninki biyu. Ki ɗauki kowace ƙwaya kamar gidan zango: tana da fuskar da ke kallon titi, inda jini ke wucewa, tana kuma da magudana a baya, inda ruwan matsarmama ke fita. A 2007 masu bincike a Jamus suka nuna cewa biyu daga cikin masu sa ido kan ƙarfe suna zaune ne a fuskar da ke kallon jini. Ɗaya daga cikinsu shi ne hemojubelin. Shi bai huda tantanin ba, maƙale yake a ninkin waje kawai, kuma aikinsa ƙarfafa saƙon da ke cewa hanta ta ƙera hefsidin.

A wannan tantani na waje ne kuma wani sinadari mai yanka yake zaune, matiriftes-2. Siffarsa kamar turken da aka soka ya ratsa katanga sau ɗaya: gajeriyar jela a cikin ƙwayar, guntu ɗaya a cikin kaurin tantanin, doguwar gaɓa a waje, almakashin yana can ƙarshenta. Masana a Sifaniya ne suka bayyana shi a 2002. Ƙwayar gadon da ke ƙera shi ana kiranta TMPRSS6, tana kan zaren gado na 22. Shekara shida ba a san takamaiman amfaninsa ba, sai a 2008 aka samu wasu ɓeraye a ɗakin bincike a Amurka waɗanda gashin jikinsu ya zube ya bar na fuska, jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Da aka bincika, sai aka tarar almakashin ne babu a jikin turken nasu. A shekarar dai aka gano iyalai na mutane masu irin wannan naƙasa, aka kuma nuna a gwaji cewa matiriftes-2 yana datse hemojubelin daga fatar ƙwaya. In ya datse shi saƙon ya raunana, hefsidin ya sauka, ƙofar hanji ta buɗe.

Wurin zamansa shi ne rabin aikinsa. Abin da zai yanka a waje yake, don haka dole almakashin ya kasance a waje. Akwai mutanen da jikinsu ke ƙera sinadarin, amma wata tawaya ta sa yake maƙalewa a cikin ƙwayar, ba ya isa fata. Ciwonsu ɗaya da na wanda ba shi da shi sam.

Abu uku ke sa hanta ta rufe ƙofa: ƙarfen da kika sha yanzu, kumburi ko zazzaɓi a jiki, sai tawayar gado, wadda ba ta da yawa. Yanzu ga yadda za ki bi.

Mataki na farko: gwaji kafin magani

Kada ki fara da kantin magani. Ki ɗauki katin inshorarki ki je asibiti ko ɗakin gwaji a auna jininki. Lambar da za ki nema a takardar ita ce Hb, wato ma'aunin jan sinadarin da ke cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai ƙarancin jini in ta gaza 12 ga mace, 11 ga mai ciki (10.5 a watanni ukun tsakiya), 13 ga namiji. Ki rubuta lambar da ranar a wani wuri da ba za ta ɓata ba, domin da ita za ki gane ko maganin yana ci.

Hb tana cewa jini ya yi ƙasa ne kawai, ba ta faɗin dalili. Ki roƙi likita a duba feritin, wato rumbun ƙarfen jiki. In ya gaza 15 rumbu ya ƙare, kuma likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da 30 a matsayin ƙaranci. Gwajin ya fi na Hb tsada, amma ya fi araha a kan wata uku na shan abin da ba ki buƙata. Ki sani kuma feritin yakan hau in akwai zazzaɓi ko ciwon hanta, har ya ɓoye ƙaranci, shi ya sa ake son a yi shi lokacin da jiki ya lafa.

A ƙasar nan akwai gwajin da ba a tsallakewa: na sikila. Wajen jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Ghana suna zuwa da ita, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Mai sikila jininsa kan yi ƙasa ne saboda ƙwayoyin suna fashewa da wuri, ƙarfen yana nan bai je ko'ina ba. In ana yawan ƙara masa jini ma, ƙarfe taruwa yake yi a hantarsa. Ba shi ƙwayar ƙarin jini ba tare da gwajin feritin ba cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Haka mai ciwon hanta, wanda muke da shi da yawa a cikinmu: sai da izinin likitansa.

In kina haki alhali kina zaune, ko ƙirji na ciwo, ko kin suma, ko ƙafafu sun kumbura, ko Hb ta kai 7 ko ƙasa, wannan ba na ƙwaya a gida ba ne. Asibiti a ranar.

Mataki na biyu: a fara kashe zazzaɓi

In cuta ta shiga jiki, hanta kan ɗaga hefsidin da gangan, domin ƙwayoyin cuta ma suna buƙatar ƙarfe, sai jiki ya ɓoye musu shi. Zazzaɓin cizon sauro yana yin haka, tarin fuka yana yi, tsohon gyambo yana yi. A wannan hali ƙwayar da kika sha wucewa za ta yi ta hanji, ta bar miki ciwon ciki kawai. A gwada, a yi maganin zazzaɓin ya ƙare, sannan a ɗora na ƙarin jini bisa shawarar likita.

Ga yara abin ya fi nauyi. Wani babban bincike a tsibirin Pemba na Tanzaniya, da aka buga a 2006, ya nuna cewa raba wa ƙananan yara ƙarfe ba tare da tantancewa ba a yankin da sauro ya yi yawa ya ƙara yawan waɗanda aka kwantar a asibiti. Yaron da ke da ƙaranci yana buƙatar maganin, amma tare da gidan sauro da saurin gwaji duk lokacin da jikinsa ya yi zafi. Kada a ɓantari ƙwayar manya a ba yaro.

Mataki na uku: ki karanta kwalin

Babbar lambar da ke jikin kwali nauyin ƙwayar ce gaba ɗaya, ainihin ƙarfen bai kai haka ba. Ƙwayar Ferrous sulphate mai miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe wajen 65. Ferrous fumarate mai 200 ma kusan haka. Ferrous gluconate mai 300 kuwa wajen 35 ne. Ki ce wa mai magani ya nuna miki lambar ainihin ƙarfen.

Kwalaben ruwan ƙarin jini da ake tallarsu a tasha da cikin mota, ki yi hattara da su. Wasu ƙarfen cikinsu kaɗan ne, sukari ya fi yawa, wasu kuma akwai barasa a ciki. Ki duba lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana. In babu, ki ajiye.

Mataki na huɗu: sau ɗaya, da safe, da ruwa

Nan ne Yaya ta fi shan wahala a banza. A 2015 masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka auna abin da ke faruwa bayan mace mai ƙarancin ƙarfe ta sha miligiram 60 ko fiye. Hanta na jin ƙarfe ya ƙaru a jini sai ta ɗaga hefsidin, kuma ba ya sauka sai bayan kamar awa 24. Ƙwayar da aka sha da rana da ta dare sun tarar da ƙofa ta fara rufewa. A 2017 suka sake nuna cewa in ana tsallake rana ɗaya, kason da jiki ke tsotsa daga kowace ƙwaya ya fi yawa. Hefsidin kuma da safe ya fi ƙasa, yana hawa yayin da rana ke yi.

Abin da ba a tsotsa ba yana zama a hanji, shi ke kawo tashin zuciya da ɗaurewar ciki da ke sa mutane su watsar da magani. Saboda haka likitoci da yawa yanzu sun koma ƙwaya ɗaya a rana, ko a sha yau a tsallake gobe ga wadda cikinta ba ya ɗauka. Ki tambayi likitanki wanne ya dace da ke. In an riga an rubuta miki sau uku, ki koma ki yi maganar da shi, kada ki canza da kanki.

Yadda muka tsara wa Yaya shi ne: tana tashi, kafin ta hura wuta, ta haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwa kofi guda, ta sha lemon zaƙi ɗaya, irin wanda ake ferewa a bakin titi. Tsamin lemo yana taimakon ƙarfe ya narke. Ba sai kin sayi wata ƙwayar bitamin daban ba. Daga nan ta shiga aikinta, ba ta karyawa sai bayan awa ɗaya. Da yake ita ranar tsallake muka zaɓa tare da likitanta, sai muka kafa Litinin, Laraba da Juma'a, don kada lissafi ya rikice.

Mai ciki hukuncinta daban. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 tare da wani bitamin mai suna folik asid maikurogiram 400 kullum, kuma shi ake bayarwa a wurin awo. Ki sha kullum yadda ungozomar asibiti ta ce, ki fara awo da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya: jinin da za ki shiga ɗakin haihuwa da shi a watannin baya ake tara shi. 'Yan mata kuma, tun 2017 akwai shirin Hukumar Lafiya ta Ghana na ba su ƙwaya ɗaya a mako a makaranta. Na ji iyaye suna hana 'ya'yansu, wai maganin hana haihuwa ne. Wallahi ba shi ba ne. Ƙarfe ne da folik asid, irin wanda ake ba mai ciki.

Mataki na biyar: ki raba shi da shayi

Wannan shi ya fi wuya a gidajenmu, don mu mutanen shayi ne. Da safe shayi da burodi, da yamma samari sun kafa butar ataya a ƙofar gida, ana zagayawa da ƙananan kofuna har zuba na uku. Ganyen shayi yana da wani sinadari mai bauri da ke kama ƙarfe a cikin hanji ya ɗaure shi. Kofin shayi ɗaya tare da abinci yana iya rage abin da za a tsotsa da fiye da rabi. Ataya ganyen shayi ce ita ma, kuma an dafa ta ta yi kauri. Kofi, wato gahawa, da garin koko na gwangwani duk suna da irin wannan hali.

Madara kuma tana da sinadarin ƙashi, wanda ke gasa da ƙarfe wajen shiga. Nono, fura da nono, wagashi, duk a jere suke. Ba cewa na yi ki bar su ba, abinci ne masu kyau. Tazara kawai ake nema: awa ɗaya bayan shan ƙwayar kafin shayi ko madara, in kuma kin riga kin sha su, ki jira awa biyu. Kokon gero na safe ma ya jira awa ɗayan.

Farar ƙasar nan dole a bar ta. Kwaɗayinta kansa alama ce ta ƙarancin ƙarfe, kamar kwaɗayin tauna ƙanƙara, kuma yakan ragu in jini ya fara dawowa. Amma muddin kina ci tana iya kama ƙarfen a hanji, ga datti da ƙwan tsutsa da kan zo tare da ita. Mma ce ta ɗauki wannan aiki a gidanmu. Kullum da safe sai ta ce, "Kwance bakin zanen nan in gani."

Ki gaya wa likita ko mai magani duk abin da kike sha. Farin ruwan maganin ƙwannafi yana hana ƙarfe shiga, a raba su da awa biyu ko fiye. Ƙarfe kuma yana raunana magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Ciprofloxacin da Doxycycline in an haɗa su lokaci ɗaya, haka maganin maƙoƙo na Levothyroxine, wanda ake raba shi da ƙarfe da awa huɗu.

Da azumi, tsarin da na ga ya fi sauƙi shi ne a sha kafin kwanciya, awa biyu bayan shayin buɗa-baki, ko a tashi sahur da wuri a sha da ruwa, a bar shayin sahur ɗin a ranar.

Mataki na shida: abin da ciki zai yi

Bayan gida zai yi baƙi ko kore mai duhu. Wannan ba komai ba ne. Wanda ake tsoro shi ne baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, ko wanda jini ke bi. Shi a tafi asibiti.

In ciki ya ɗaure, ki ƙara ruwa, ki ci gwanda da miyar ganye. In zuciya na tashi, ki sha ƙwayar da ɗan abinci kaɗan marar madara, kamar ayaba. Za a rasa wani kaso, amma ya fi a daina gaba ɗaya. In na ruwa aka ba ki, ki kurkure baki bayan sha, don yana ɓata haƙori.

Mataki na bakwai: tukunya

In rumbu ya riga ya ƙare, abinci kaɗai ba ya cika shi da sauri, amma shi zai riƙe ki bayan an gama magani. Ƙarfen nama da kifi ya fi saurin shiga, kuma shayi bai cika tare shi ba. Saifa da hanta da ƙoda suna kan gaba, kuma saifa ba ta da tsada wurin mahauta. Mai ciki dai kada ta yawaita hanta, musamman a watannin farko, saboda yawan bitamin A da ke cikinta. Ƙananan busassun kifin nan da ake dakawa a miya suna da amfani sosai. Wake, daddawa, zogale, alayyahu, ayoyo da kontomire, wato ganyen gwaza, duk suna da ƙarfe irin na tsiro, wanda ke shiga da kyau in an haɗa shi da ɗan nama ko kifi da tumatir ko lemo.

Akwai abubuwan da ake yaɗawa da nake roƙon a daina dogara da su. Lemon malt da madarar gwangwani ba ya ƙara jini, madara ba ta da ƙarfen kirki. Tumatirin gwangwani cikin lemon kwalba ma haka. Jan zoɓo launi ne, ba jini ba. 'Yan ƙananan gautan nan da Asantawa ke kira kwahu nsusua abinci ne mai kyau a miya, amma ba sa maye gurbin ƙwaya ga wadda Hb ɗinta ke 8.

Mataki na takwas: a sake awo, a nemi inda yake yoyo

Bayan mako biyu zuwa huɗu ki koma a sake auna Hb. In magani na ci, ana sa ran ta hau da kamar 1 a mako biyu, ko wajen 2 a wata guda. In ba ta motsa ba, kada ki ninka ƙwaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Da Yaya ta gyara shan magani lambar ta hau, amma a hankali fiye da yadda na so. Sai matata ta zauna da ita, don akwai maganar da ba za ta yi da ƙanenta ba. Ashe al'adarta kwana tara take yi, da guda-guda, tana canza ƙunzugu duk bayan awa ɗaya ko biyu a kwanakin farko, ta kuma ɗauka haka kowace mace take bayan haihuwa huɗu. Hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifa, irin wanda ba daji ba, wanda ya zama ruwan dare a tsakanin matanmu. Muna zuba ruwa ne a tulu mai huda. Sai da likitan mata ya rage zubar sannan jininta ya tsaya da ƙafarsa.

Sauran wuraren yoyo su ne basir mai jini, gyambon ciki, tsutsar hanji mai shan jini da ke shiga ta tafin ƙafa, da tsargiya ga wanda ya yi wanka a rafi ko tafki. Masu aikin ƙarfi da ke haɗiyar Diclofenac ko Ibuprofen kullum don ciwon jiki su sani waɗannan suna iya sa ciki ya riƙa tsiyayar jini a ɓoye. Namiji kuma, ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, wajibi ne a binciki ciki da hanji, domin wani lokaci alamar farko ke nan ta ciwon daji a babban hanji, kuma in an kama shi da wuri ana magance shi.

In an toshe duk waɗannan, ana shan magani daidai, babu kumburi, amma jini ya ƙi hawa, musamman in tun yarinta ake fama kuma akwai ɗan'uwa na ciki ɗaya mai irin matsalar, a nan ne likitan jini zai tuna da almakashin nan na fatar ƙwayar hanta. Wanda ya gaji tawayar TMPRSS6 daga uwa da uba, hefsidin ɗinsa ba ya sauka ko da rumbu ya bushe, ƙofar hanji tana rufe kullum. Irin wannan sai a nemi a tura shi sashen cututtukan jini a babban asibiti, kamar Komfo Anokye a nan ko Korle Bu a Accra. Akan ba shi ƙarfe ta jijiya, wanda ke tsallake hanji, ko da yake shi ma a hankali yake aiki a jikinsu. Ƙarfen jijiya ana ba wasu ma: mai ciki da haihuwa ta matso jininta na ƙasa, mai ciwon ƙoda, da wadda cikinta ya ƙi ƙwaya sam. A asibiti kaɗai ake yinsa, inda za a iya taimaka miki in jiki ya ƙi shi.

Mataki na tara: kada ki tsaya da wuri, kada ki zarce

Ranar da Hb ta koma daidai, rumbu bai cika ba tukuna. Ana ci gaba kamar wata uku bayan haka, sannan a duba feritin, a tsaya in likita ya ce. Shan ƙarfe shekara da shekaru ba tare da awo ba yana tara shi a hanta.

Ƙwayoyin nan jajaye ne masu sheƙi, yaro yana ganinsu kamar alewa, kuma 'yan kaɗan sun isa su halaka ƙaramin yaro. Kada a bar su a jakar hannu, ko kan talabijin, ko ƙarƙashin matashi. A ɗakin Yaya, inda yara huɗu ke kwana, cikin akwatin ƙarfenta mai kwaɗo muka sa su, makullin yana wuyanta. In yaro ya haɗiye su, ki ɗauki kwalin ki tafi da shi asibiti nan take, ko da ya yi amai ya koma wasa, domin gubar ƙarfe takan lafa na wasu awanni kafin ta kama hanta.